Jinyar Hannun Nafi'u Daga Salaga Zuwa Bawku

Tun da na dawo daga Gana ban samu na yi aiki cikin natsuwa ba. Duk wadda ta zo in yi mata ƙunshi, kafin ta miƙo ƙafa sai ta ce, "Asabe, ya Gana?" In fara ba ta labari, wata ta shigo ta ce in koma farko, lalle kuwa yana bushewa a kwano. Har maƙwabciyata da gaisuwa kawai ke haɗa mu ta aiko a tambaye ni ko da gaske ne a can mata ke goya mazajensu a babur. Da gaske ne, na gani da idona. To ga labarin nan na zuba shi gaba ɗaya, kowa ta karanta abinta, ni kuma in koma kan sana'ata.

Ƙanena Nafi'u ne ya kai ni. Ya haura talatin, ya daɗe a can yana tuƙa motar doya daga Salaga zuwa Kumasi. Ya ga yarinya a Bawku mai suna Ramatu, 'yar wani dillalin shanu, suka daidaita, mahaifinta ya ce ya turo manyansa. Iyayenmu sun rasu, babban da ya rage mana shi ne Baffa Tanko, ƙanen mahaifinmu, wanzami kamar yadda mahaifinmu yake. Ni kuma aka ce in bi shi in riƙe akwatin kayan gaisuwa, in kuma gano mana yarinyar da idon mace. Na roƙi Baffa ya bar zabirarsa a gida, tunda neman aure za mu ba aski ba. Ya dube ni kamar na ce ya bar ƙafarsa ɗaya.

Daga Kano muka bi ta Birnin Kebbi muka faɗa ƙasar Benin, muka kwana a Jugu, muka ratsa Togo. Direbobin wannan hanya ba su yarda akwai motar da ta cika ba. Na yi tafiya mai nisa da buhun gari a kan cinyata wanda har muka rabu ban san mai shi ba. A Jugu dai na ci wani soyayyen cuku da suke kira wagashi, ya ɗan rage mini haushi.

Kowace iyaka muka zo sai an zazzage zabirar Baffa. A Tatale, inda ake shiga Gana, wata ma'aikaciya ce ta tare mu. Ina shirin kame-kamen Turanci sai na ji ta ce da Hausa, "Kai, madam, wannan akwati naka ne?" Na waiwaya in ga namijin da take yi wa magana, ba kowa sai ni. Ashe haka Hausar da yawa daga cikinsu take, sun sallami "ke" da "ta" sun huta. Kafin in bar ƙasar an ce mini "kai" har na fara tunanin sayen hula.

Ta ciro ƙaho daga zabira ta juya shi. "Baba, wannan na busa ne?"

Baffa ya gyara tsayuwa ya fara yi mata bayanin mataccen jini tun daga tushe. Yana cikin yi ya hango ogansu yana murza wuya, nan take ya ce a ba shi benci ya gwada musu. Ogan ya yi dariya ya ce kakansa ma da ƙaho ya tsufa, ya sa aka maida kayan aka sallame mu. Har muka wuce Yendi da Bimbilla Baffa yana gaya wa fasinjoji cewa gwamnatin Gana ta san darajar aikinsa.

Mun isa Salaga a ƙarshen damina, lokacin sabuwar doya, ga zafi mai danshi wanda ko a inuwa gumi kake. Nafi'u ya tare mu a tasha sanye da riga mai dogon hannu, ya ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Da zai gaisa da Baffa sai ya tallafo hannun damansa da na hagu, ya miƙa shi a hankali yana cije leɓe. Baffa ya ji daɗi ƙwarai.

"Kin gani, Asabe? Zaman Gana ya koya masa ladabi."

A gidan uwar ɗakinsa aka sauke mu, Magajiya Adisa, wadda motar da yake tuƙawa tata ce. Babbar 'yar kasuwar doya ce, jikar fataken goro, Hausarta cikakkiya har da tsofaffin kalmomin da rabon da in ji su tun kakarmu na raye. Ta ce kakanta daga Kano ya zo, daga wani gida kusa da kasuwa mai bishiyar durumi a ƙofa, ko na san su? Na ce zan bincika. Baffa kuwa tun a hanya yake leƙen taga, da aka gama gaisuwa ya kasa haƙuri.

"Hajiya, tun ina yaro nake jin goron Gwanja, yau ga ni a Gwanjar. Ina itatuwan?"

"Baba, goro bai taɓa tsirowa a nan ba. Daga kurmi ake kawo shi. Nan haɗuwa kawai ake yi."

Baffa ya dubi tsakar gidan. Doya ce a jibge har bakin taga, doya a zaure, doya a ƙarƙashin gadon da aka ba shi. Da aka kawo sakwara da miyar gyaɗa ya ci ya ƙoshi, amma ya ci ne kamar wanda aka yaudara.

Bayan la'asar Nafi'u ya yafuto ni zuwa bayan rumbun doya. Ya leƙa hagu da dama, ya ɓalle maɓalli ya naɗe hannun riga. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu a naɗe yake da farar leda, gumi ya taru a ciki. Ya warware. A cikin damtsen, ƙasa da gwiwar hannu, an rubuta RAMATU da manyan baƙaƙe, ga wani fure a gefe. Fatar ta kumbura tana sheƙi, tawada da ruwa-ruwa suna tsattsafowa.

Ni mai ƙunshi ce, don haka tambayar sana'a ta fara fito mini. "Sati nawa yake yi kafin ya goge?"

"Yaya, tatu ne. Da allurar inji ake yi. Ba ya fita."

"Har yaushe?"

"Har kabari."

Na nemi wuri na zauna a kan doyar mutane. Ya ce wai Ramatu ce ta taɓa gaya masa alkawarin direba kamar rubutu ne a kan ƙurar gilashin mota, ruwan farko ke tafiya da shi. Maganar ta tsaya masa a rai, zuwansa Kumasi na ƙarshe ya shiga wani shago ya miƙa hannu. Na ce ashe a duk faɗin shekara bai ga lokacin da ya dace ba sai satin da za a je gaban surukai da wanzami a gaba. Ya ce shi bai san abin yana da jinya ba, ya ɗauka kamar buga lambar mota ne.

Jinya kuwa har da dokoki, ya jero mini su kamar karatun allo. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulun da ba shi da ƙamshi. Kada a goge, a dinga ɗan dannawa da tsumma mai tsabta har ya bushe. A shafa mai kaɗan, ba a lafta ba. Kada a jiƙa shi cikin ruwa, kada rana ta buge shi, kada a sosa, kada a ɓamɓare ɓawon. Ledar kuma tun ranar farko aka ce ya cire, a bar wurin ya sha iska.

"To me ya sa ka mayar?"

"Yana ɓata riga, Yaya. In Baffa ya ga tabo zai tambaya."

Haka na baro Kano a matsayin babbar yaya na zama mai jinya a ɓoye. In tafasa ruwa in bar shi ya huce, in faki idon Baffa, mu lallaɓa bayan rumbu. A karo na biyu Magajiya Adisa ta kama mu. Ta dubi hannun, ta dubi Nafi'u, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta rantse ba mai ji daga bakinta, wato kafin magariba duk matan gidan sun ji. Kowace ta zo da maganinta. Wata ta ce man goge baki, wata ta ce toka da gishiri, wata ta ce mijinta makanike ne kuma ba ciwon da man birki ba ya busarwa. Na gode musu duka, na karɓi man kaɗanya mai kyau daga hannun Magajiya na rufe ƙofa. A nan na ga ba mu da bambanci da mutanen Gana: ka nuna ciwo, kowa likita ne.

Ranar tafiya Nafi'u ya sake naɗa ledarsa ya ja hannun riga, na yi faɗa har na gaji. A mota Baffa ya zaɓi zama a gefen damansa don su tattauna abin da za a faɗa a Bawku. Hanyar Bimbilla ramuka ce da ɗan kwalta a tsakaninsu, kuma duk ramin da muka faɗa sai Baffa ya cafki hannun Nafi'u don kada ya faɗi. Ina bayansu ina ganin ƙeyar yaron tana tsatsafo da gumi, yana cewa, "Haka ne, Baffa," da muryar da ba tasa ba. Can gaba motar ta kafe a taɓo. Aka ce maza su sauka su tura. Na yi masa ido ya zauna, amma direban ya san shi, ya ƙwala masa kira da laƙabin da suke yi wa direbobi, "Masa Nafi'u, zo mana!" Direba kuma ba ya zama a mota ɗan'uwansa yana fama. Ya dawo da taɓo har kafaɗa.

Yendi garin babura ne. Tsohuwa da tulin kaya a ka tana tuƙi, mai jego da goyo tana tuƙi, 'yan makaranta uku a kan ɗaya. Gaisuwarsu kuma doguwa ce, a rusuna, ana ce maka abu kana amsawa da "naa". Baffa ya kama wannan kalma ya riƙe, duk wanda ya yi masa magana sai ya ce "naa", har mai masaukin da ya tambaye shi ɗaki nawa muke so. Da safe na sayo koko da ƙosai a bakin titi, mai sayarwar ta gaya mini da alfahari cewa sunansa kokon Hausa. Na kurɓa, yaji da citta suka hau mini kai. Ban san wane Bahaushe ya koya musu ba, amma da fushi ya bar gida.

Nafi'u bai taɓa kokon ba. Jikinsa ya yi zafi, idonsa ya yi ja, hannun ya cika rigar har maɓallin yana neman tsinkewa. Baffa ya taɓa goshinsa, ya gyaɗa kai irin na wanda aikinsa ya zo har gida, ya jawo zabira.

"Mataccen jini ne. Tuƙi ke tara shi. Cire riga."

"Baffa, gajiya ce kawai."

"Na ce cire riga."

Ya cire. Ledar ta manne, da aka ɗaga ta wani wari ya taso, gefen rubutun ya yi ja sosai, harafin ƙarshe ya tara ruwa. Baffa ya daɗe yana kallo. Ba ya karanta boko, don haka ya tambaya a hankali, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Sunan yarinyar ne, Baffa."

"Wa ya yi?"

"Wani ne a Kumasi," in ji Nafi'u.

"Da me?"

"Da inji."

Na zaci da aya zai fara. Sai ya ajiye ƙahon ya miƙe tsaye. "Inji! Kakanka ya yi wa rabin unguwarmu tsaga. Ubanka hannunsa ko rawa ba ya yi. Ni ga ni da raina. Ka rasa wanda za ka kai wa fatarka sai wani yaro mai inji? Ɗan gidan aska!" Ya yi ta faɗa yana kai da komowa, ya ambaci kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya zauna yana haki sannan ya tuna, ya ƙara da cewa, "Kuma ma haramun ne."

Daga nan ya zaro aska ya ce abu ne mai sauƙi, a kankare wurin tun bai kama ba, a ce wa surukai salansar babur ce ta ƙone shi. Na shiga tsakaninsu na ce sai dai ya fara da ni. Da ƙyar muka tare keke mai ƙafa uku, wanda suke kira yalo-yalo, muka tafi wani ƙaramin asibiti.

Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ko gira ba ta ɗaga ba, da alama ba shi ne na farko ba. Ledar ce ta ba ta haushi, su kuma roba suke ce mata.

"Wane ya ce ka rufe shi da roba? Nama ne kana kai kasuwa? Ka dafa hannunka paa, sosai!"

Ta wanke wurin, Nafi'u yana karanto duk addu'ar da ya iya. Ta ba shi ƙwayoyi ta ce ya shanye su duka ko ya ji sauƙi, ya bar wurin a buɗe, in zai sa riga ta zama mai faɗin hannu, in kuma jan ya fara hawa sama ya dawo da gudu. Baffa ya matso ya kawo shawarar askarsa cikin ladabi. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Baba, in ka sa aska a nan, ni da kai ne. Ka bar shi kuraa, gaba ɗaya."

A waje Baffa ya ce yarinyar ba ta da kunya amma hannunta yana da kyau.

Muka zauna a Yendi har zazzaɓin ya sauka, muna cin tuwon zafi da miyar ayoyo, wanda in ban da laushi ba abin da ya raba shi da namu. Abin mamaki, Baffa ya ƙwace jinyar daga hannuna. Ya ce ko ɓarna ce, tunda a jikin ɗan gidansu take, ba za ta warke a karkace ba. Shi ke tafasa ruwa, shi ke auna man kaɗanya a kan ɗan yatsa yana cewa na cika yawa. Da kumburin ya saɓe, wurin ya fara ɓawo da ƙaiƙayi, sai ya zauna kusa da Nafi'u da mafici, da zarar farce ya doshi wurin sai ka ji tas. Wata rana na same shi ya ɗaga hannun wajen haske yana bin layin da ido. Ya ce, ba da ni yake ba, "Layin dai ya miƙe. Furen ne bai iya ba."

Daga Yendi muka bi ta Gushegu, muka gangara dutsen Nakpanduri ina salati, muka wuce Garu. Bawku ta sha fama da rashin kwanciyar hankali, don haka shingen sojoji ya yi yawa, kuma mutanen garin da wuri suke shiga gida. Ban tambayi kowa dalili ba, baƙuwa ce ni. A wani shinge aka ce kowa ya sauka. Rana ta take, Baffa ya buɗe lemar da ya saya a Yendi ya riƙe, ba a kansa ba, ba a kan Nafi'u ba, a kan hannun kawai. Wani soja ya zagayo ya leƙa ƙarƙashin lemar, ya yi murmushi, ya naɗe hannun rigarsa. Kan zaki ne a damtsensa.

"Kada ka sosa, abokina," ya ce.

Da muka koma mota Baffa ya ce, "Ashe annoba ce."

Gidan Alhaji Dauda, mahaifin Ramatu, babba ne, da garken shanu a baya, ana shiga da fita da harsuna kala-kala. Mu a Kano saurayi ba ya zuwa wurin neman aurensa, amma Alhaji ya ce tunda baƙo ne yana so 'yan'uwansa su gan shi. Kuma ba a zaure aka zauna ba, a rumfar tsakar gida ne, maza a can, mu mata a bakin madafa muna ganin juna. Baffa ya sa wa Nafi'u tasa jallabiyar mai faɗin hannu, ya ja masa kunne kada ya miƙa hannu sama da gwiwarsa.

Ramatu ta fito ta gaishe ni. Doguwa ce, tana da shagon maganin dabbobi a kasuwa, kuma in tana magana cikin ido take kallon mutum. Ta kwanta mini nan take. Sai dai na lura ba mai kiranta Ramatu a gidan, kowa "Mma" yake cewa. Na tambayi mahaifiyarta.

"Ai sunan uwar Alhaji ya ci," ta ce. "Ba a faɗinsa a gidan nan. Tsohuwar ma yana ɗaki."

Na dubi rumfa, ba hanyar da zan yi wa Baffa magana, har an kai musu tuwo da farfesun zabi. Aka zagaya da buta da roba don wanke hannu. Nafi'u ya miƙa hannu, mai zuba ruwan ya ɗaga butar sama, shi kuma ya bi ta. Hannun jallabiya ya zame har gwiwar hannu.

Wurin yana tsakiyar saɓa, fata tana tashi fari-fari, amma baƙaƙen suna nan raɗau. Alhaji Dauda ya gyara tabarau ya sunkuyo, irin na mutumin da ya saba karanta lamba a jikin shanu.

"Ra… ma…"

Ya tsaya. Bakinsa ya kasa rufuwa ya kasa ƙarasawa. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa furta sunan nan ba, ga shi ya kai rabi a gaban ƙannensa. Ƙannen suka sunkuyar da kai. Baffa ya fara, "Alhaji, yaro ne, kuma mun riga mun…" Alhaji ya ɗaga masa hannu ya miƙe.

"Ku baƙi ne, ku ci abinci. Maganar da ta kawo ku kuwa, a bar ta."

Ludayi ya faɗi daga hannun Ramatu. Na dubi ƙanena. Duk dariyar da na yi masa a hanya ta koma mini ciki, don na san yadda yake son yarinyar nan, na kuma san ba shi da kowa a ƙasar sai mu biyu da muka zo muka kasa.

Sai labulen wani ɗaki ya motsa, wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, 'yar ƙarama, ta rankwafa.

"Wa ya fara kirana ya fasa?"

Ta tako har rumfar, ta bi idon mutane zuwa hannun Nafi'u, ta kama shi ta jawo kusa da fuskarta. Ta kira jikarta ta ce ta karanta mata.

"Sunanki ne, Kaka," in ji Ramatu, murya ƙasa-ƙasa. "Namu."

"Faɗi mana."

"Ramatu."

Tsohuwar ta shafa gefen rubutun da babban yatsa. Sannan ta janye mayafinta ta nuna mana wuyanta. Akwai jarfa a wurin, ɗige-ɗige kore da suka kusa ɓacewa cikin tamoji. Ta ce tana budurwa wani wanzami ya yi musu ita da ƙawayenta ana gobe Sallah, uwarta ta zane ta, wurin ya kumbura ta yi kwanaki ba ta juya wuya. Baffa ya matso ya duba, ya ce aikin hannu ne mai kyau.

"Mijina har ya rasu bai kira sunana ba, kunya," ta ce. "'Ya'yana ba su faɗi. Jikoki Kaka suke cewa. Wadda aka sa wa ma an ɓoye mata shi. Tun da uwata ta rasu ban ƙara jinsa a gidan nan ba, na ɗauka ya ɓata. Ashe yana hannun Bakano." Ta ƙara duba wurin ta ɓata fuska. "Kuma kun bar shi yana ɓarewa. Ku kawo mini man kaɗe."

Baffa ya ce kaɗan ake sawa. Ta ce ta girme shi. Tana shafawa, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Dauda, zauna."

Alhaji Dauda, mai shanu har Burkina, ya zauna.

Ba wai ya huce ba ne. Ya yi wa Nafi'u faɗa mai tsawo, ya ce abin da ya yi ba daidai ba ne a addini, ya nemi gafarar Allah, ya je wurin malamai ya ji yadda zai yi da shi, kuma in ya ƙara ko ɗigo ɗaya a jikinsa kada ya sake tako ƙofar gidan. Baffa yana ta cewa "Ƙwarai, Alhaji," da ƙarfi, kamar ba shi ya riƙe lema ba. Bayan haka aka koma kan maganar da aka ce a bari. Aka karɓi gaisuwarmu, aka raba goro, aka sa rana bayan girbi.

Ita kuwa Ramatu a bakin ƙofa ta tare shi, ina tsaye. Ta dubi hannun sosai a karo na farko.

"Cewa na yi maganarku ba ta daɗewa. Ban ce ka je a huda ka ba. Ka sha maganin duka?"

"Saura kaɗan."

"Ka shanye. Wannan kuma albasa ce ko me?"

"Fure ne."

"To," ta ce, ta juya ciki da sauri, amma na ga kafaɗunta suna rawa.

Washegari Alhaji da kansa ya raka mu tashar motar Sankase, inda ni da Baffa za mu tsallaka Togo, Nafi'u kuma ya koma Salaga. Da aka ɗaure akwatina a saman mota sai ya kira Nafi'u gefe, amma ba nesa da kunnena ba. Ya kama hannun jallabiyar ya ja shi ƙasa a hankali, ya rufe rubutun, ya riƙe wuyan hannun bai saki ba.

"Ka ji ni da kyau. Hannun nan yanzu da sunan uwata a kai. Duk ranar da ka ɗaga shi a kan 'yata, zan zo har inda kake in karɓi sunan uwata. Ban san yadda ake cire shi ba. Amma abokaina duk mahauta ne."

Nafi'u ya ce, "To, Baba."

Baffa, da bai ji farkon maganar ba, ya ga an yi shiru an sunkuyar da kai, sai ya ɗaga hannu ya shafa ya ce, "Amin, amin."